Yadda Za Ka Faɗi Tambayar Kashi Cikin Ɗari Cikin Ruwan Sanyi

Ƙanena mai shirin WAEC ko NECO, in kana so ka faɗi tambayar kashi cikin ɗari, sai ka fara da manta ɗan ina ne kai. Nan ne wahalar take, domin kasuwar hatsi ta Dawanau a ƙaramar hukumarmu ta Dawakin Tofa take, inda dillalin da bai taɓa zaman aji ba yake fitar da la'adarsa a kan buhu ɗari uku na riɗi kafin ka gama feƙe fensir. Ka nisanci irin waɗannan mutane, za su ɓata maka shiri.

Ranar fitar da zakkar gero kuma ka toshe kunnuwanka. Baba yana ware dami ɗaya cikin goma, kashi 10 ke nan. Mai noman rani da ya sha wahalar ban ruwa ɗaya cikin ashirin yake bayarwa, kashi 5, ɗan kasuwa kuwa ɗaya cikin arba'in, wato 2.5. In ka kuskura wannan ya zauna maka, to ka shiga uku, don da an ce nawa ne kashi 15 na 2,400, kanka zai ce kashi 10 shi ne 240, rabinsa 120, a haɗa 360, an wuce wurin. Ba haka muke so ba. Ɗora 2,400 a ƙarƙashin 15, ka kifa su, ka sake kifawa, ka kalli rufin ɗaki, sannan ka zaɓi C.

Akwai wata tambaya da masu jarrabawa ke ji da ita. Buhun masara na naira 50,000 ya tashi da kashi 20, daga baya ya sauka da kashi 20, nawa ya koma? Yi maza ka ce 50,000, ai abin da ya hau shi ya sauko. Kada ka tsaya tunanin cewa da ya kai 60,000, kashi 20 ɗinsa ya zama 12,000, don haka 48,000 ya faɗo. Uwar kuɗin ta sauya, amma ina ruwanka? Amsarka ma an tanadar maka ita cikin zaɓin, saboda sun san kana tafe.

Sai ɗigo. Harajin VAT kashi 7.5 ne tun 2020, kuma na naira 8,000 shi ne 600. Ɗauki ɗigon nan tamkar kashin ƙuda a takarda, ka share shi, ka rubuta 6,000. Gwamnati ma ba za ta ƙi ba.

In ka bi shawarwarin nan sau da ƙafa, F9 ta tabbata. Sai ka gaya wa Baba tun yanzu ya ajiye buhu biyu a gefe, na kuɗin sake zaman jarrabawa baɗi.