Mafarautan Araha a Landan

Duk Bahaushen da karatu ko aiki ya kai Ingila, ko da digiri uku ya sauka a jaka, akwai jarrabawar da ke jiransa a makon farko, wato cefane. A gida yaro ake aika, a ce ya tabbatar mai kayan miya ya yi masa gyara. A Landan kuwa dakta ne da kansa zai tura keken kanti, bayan ya lalubo fam ɗaya na ƙarfe ya zura kafin keken ya yarda ya rabu da 'yan'uwansa. Abin ya ƙara tsanani a 2023. A watan Maris na shekarar farashin abinci a Birtaniya ya tashi da sama da kashi 19 cikin ɗari a shekara guda, tashin da aka fi shekara 40 ba a ga irinsa ba. A watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, ta kuwa neme shi a can ƙasa. Wanda ake turo wa kuɗi daga gida ya sha duka gaba da baya, daga nan kowa ya fito da halinsa.

Sabon zuwa shi ne Malam Canji. Idonsa na kan fam, zuciyarsa na kan naira. Zai shiga shago a Peckham ya ɗauki attaruhu huɗu a ce fam ɗaya, sai ya zaro waya ya shiga lissafi, ga shi a farkon 2024 fam ya haura naira 2,000.

"Dubu biyu? Attaruhu huɗu? Wallahi a kasuwar 'Yankaba wannan gyara ake ba ka!"

Mai shagon bai san 'Yankaba ba, bai kuma nemi sani ba. Malam Canji zai mayar da attaruhun, ya koma ɗaki ya yi mako biyu yana shayi da burodi. Ciwon yakan warke ranar da ya karɓi albashin farko na aikin awa 20 da doka ta yarje wa ɗalibi a mako. Ranar ma lissafin zai yi, sai dai a juye: ya mayar da albashin naira, ya kwana yana jin kansa ƙanin Ɗangote. Akwai dai waɗanda ba sa warkewa. Za ka ga mutum ya yi furfura a Landan, 'ya'yansa ba sa jin Hausa sosai, amma har yau in ya ɗauki albasa sai leɓensa ya motsa.

Wanda ya fi burge ni shi ne mai dakon rawaya. Manyan kantuna irin su Tesco da Asda da Sainsbury's sukan manna 'yar takarda rawaya a kan abincin da wa'adinsa ya zo ƙarshe, su rage kuɗin kaɗan da rana, in yamma ta yi su zabge shi sosai. Wannan bawan Allah ya haddace lokutan rassa uku na unguwarsu. Ya san ma'aikacin da ke yawo da na'urar manna takardar, ya san ranar hutunsa. Da ya hango shi sai ya bi bayansa nesa-nesa, ya tsaya yana karanta bayan robar yogot da natsuwar mai nazari, alhali wutsiyar idonsa na kan hannun ma'aikacin. Ba shi kaɗai ba ne a fagen. Ga wata tsohuwar Baturiya da sandarta, ga ɗan Poland da kayan aikin gini a jikinsa, ga ɗaliba 'yar Sin, kullum su ne, sun san juna, ba sa gaisawa. Tsohuwar ce ta fi kowa zafin hannu.

Illar wannan sana'a ita ce mutum ya daina cin abin da yake so, sai abin da aka rage wa kuɗi. Litinin kifin da ko ministoci sai sun yi shawara kafin su saya, Talata kek ɗin bikin zagayowar haihuwar yaron da bai sani ba, Laraba ganyen salak leda huɗu. Kuma da yake wa'adin yawancinsu daren nan ne, sai ka same shi ƙarfe goma sha ɗaya yana tura abinci yana duban agogo. In ka yi magana ya zauna ya yi maka fatawa: kwanan wata iri biyu ne a jikin kaya, ɗaya na lafiya ne, ba a wasa da shi, ɗayan na ɗanɗano ne kawai, ana iya ɗaga masa ƙafa. Gaskiya ya faɗa. Sai dai shi ƙafar da yake ɗagawa takan kai wata biyu. Ranar Lahadi kada ka gayyace shi suna da rana, domin tun 1994 doka ta ce manyan kantuna awa shida kawai za su buɗe ran Lahadi, da yawa kafin la'asar sakaliya sun rufe. Yanzu ya ƙara da manhajar Too Good To Go, inda ake biyan kuɗi kaɗan a karɓi ledar ragowar abincin shago ba tare da an san abin da ke ciki ba. Wani lokaci a dace. Wani lokaci ya buɗe ya tarar rabi burodi ne da naman alade a tsakiya, ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa Bature ƙofa ya miƙa masa, Baturen na ta yaba kirkin mutanen Afirka.

Ƙaninsa shi ne ɗan zagaye. Madara a Aldi, ƙwai a Lidl, shinkafa a shagon 'yan Pakistan, albasa wajen Turkawa, duk a rubuce a wani ɗan littafi. Zai yi maka bayanin cewa kantunan nan biyu na Jamusawa ne, Aldi ta shigo a 1990, Lidl a 1994, kuma araharsu ta samo asali ne daga ƙarancin nau'in kaya da ƙarancin ma'aikata, shi ya sa mai karɓar kuɗi take watso maka kaya da gudu kana tarewa. Dukan tsarinsa ya rataya ne a kan dokar bas ta Landan, wadda in ka biya kuɗin bas sau ɗaya (fam 1.75 a 2023) za ka iya sauya bas kyauta cikin awa ɗaya. Saboda haka a guje yake cefane. Ranar da layi ya riƙe shi ya makara da minti biyu, kwabo 40 da ya rage a ƙwai da kwabo 30 na albasa sun tafi, har da ciko. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, shi kam sau da yawa gudun kawai yake ci.

Alhaji Albarka tsohon ɗan kasuwa ne, ya zo jinya ko ganin jikoki ya daɗe. Shi abin da ya fi ƙona masa rai a kanti shi ne babu wanda zai taya wa. Farashi a manne, mai kaya ba ya nan, a ƙarshe ma na'ura ce za ta karɓi kuɗin, ta riƙa yi masa tsawa da muryar mace wai ya ajiye abin da ba ta sani ba. Ransa bai dawo ba sai da aka kai shi kasuwar Ridley Road a Dalston, inda ake jera tumatir da tattasai da ayaba a kwanonin roba, kwano fam ɗaya. Ya gano cewa in rana ta yi sanyi ran Asabar ana haɗa kwano biyu a kuɗin ɗaya. Da ya je gida ya juye ya ga masu kyau ne a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa, sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe su ma sun iya." Tun daga ranar ya saki jiki da ƙasar. A wajen mahaucin halal kuwa ya samu abin da yake nema, tsohuwar kazar da ta gama ƙwai, mai tauri, mai araha, wadda ba ta narkewa a miya. Da Turancinsa da bai fi kalma ashirin ba ya koya wa mahaucin jefa masa ƙashi da kitse a leda bayan an gama awo.

Sai uwar tafiya, Hajiya mai akwati. Ita ta yanke hukunci cewa babu abin ci a ƙasar nan, komai daga gida zai zo. Ba ta da hanyar jirgi, tana da kunne. Da ta ji wani zai taso daga Kano ko Abuja, ko bai san ta ba, waya za ta same shi.

"Ɗana, don Allah ɗan saƙo ne za a kawo maka, bai kai komai ba, ɗan ƙulli ne."

Ɗan ƙullin zai iso daren tafiya a buhu: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin ɗanwake, kanwa, ƙuli-ƙuli, zogale. Matafiyi na da akwati biyu masu kilo 23, sai ya cire takalmansa da rigar sanyi don kuka ta samu wuri. Daddawa kuwa ko leda bakwai aka naɗe ta sai ta gaisa da duk tufafin da ke akwatin, mutum ya yi wata guda yana shiga aji da ƙamshin miya. Can ƙasan buhun akwai abin da Hajiya ba ta ambata ba, kilishi da dambun nama da man shanu a gorar ruwa, alhali doka ta hana matafiyi daga ƙasashe irin namu shigo da nama ko kayan madara Birtaniya. Wasu sukan wuce. Wasu kuma kare ne zai zo ya zauna a gaban akwatinsu a Heathrow cikin ladabi, a buɗe, a kwashe kilishin a zuba a kwandon shara mutum na kallo. Da labari ya kai wa Hajiya, tambayarta ta farko ba ta shafi matafiyin ba: "To, kukar fa?"

A nan dole a yi mata adalci. Zogalen da ke shinge a bayan gida, a Landan a 'yar kwalba yake a shagon masu kula da lafiya, da kuɗin da zai sa Malam Canji ya zauna a ƙasa. Amma an sha gaya mata cewa Indiyawa na sayar da garin gero da na dawa da tsamiya, 'yan Jamaika na sayar da zoɓo, shinkafar da Turawa ke dafawa da madara kuma tana tuƙuwa sumul. Ta ce geron Indiya ba ya kunu. Kabad ɗin kicin ɗinta banki ne, da cokalin shayi take ba da rancen kuka, kuma tana riƙe da sunan duk wanda ya karɓa.

Sarkin watanda ya buɗe zaure a WhatsApp, mutum takwas su haɗa kuɗi a sayi tunkiya sukutum wajen mahauci a raba. Kilo yakan faɗo ƙasa ƙwarai. Rigimar tana wajen kai da ƙafa da kayan ciki, sai kuma wajen ajiya, don yawancinsu gidan haya suke da baƙi, kowa da aljihu ɗaya a firiza. Ɗan Italiyan da ke ɗakin sama ya buɗe neman ƙanƙara, ya yi ido huɗu da kan tunkiya.

Akwai ustazun kwali, wanda kafin ya sayi alewar kwabo 50 sai ya karanta duk abin da aka haɗa ta da shi, yana neman sinadarin da ake samu daga fatar alade. Naman da ya fi araha a kanti ba yankan Musulmi ba ne, don haka ƙwai da kifin gwangwani sun zama danginsa. Akwai kuma ɗan gayu, mai sayayya a Aldi ya zuba a jakar Waitrose kafin ya shigo layinsu. Leda dai tun 2021 ba ta gaza kwabo 10 a Ingila, don haka kowane gida akwai babbar leda cike da ledoji.

Duk waɗannan wahala suke sha a kan araha. Gwanin gwanaye bai san farashin komai ba, shi ne mai zumunci. Ya san gidan da ake tuwo ran Juma'a, ya san matar da ke waina ran Lahadi, ya san wanda iyalinsa suka dawo daga gida da kaya. Da azumi masallatan da ke raba buɗa-baki ya jera su bisa ga nauyin shinkafarsu. Ƙarfe bakwai daidai zai danna ƙararrawa, hannu na dukan cinya.

"Wucewa na zo yi, na ce bari in leƙo mu gaisa."

Gidan a ƙarshen layin jirgin ƙasa yake, babu inda ake wucewa ta nan.

"Bismillah, Malam, ga tuwo."

"A'a Hajiya, alhamdu lillahi, yanzu na ci." Yana faɗa yana naɗe hannun riga. "Sai dai kada a ce na raina. Miyar kuka ce? Kai, wa ya zo daga gida?"

In zai tafi akan zuba masa ragowar a roba. Robobin gidaje huɗu ne a ɗakinsa yanzu, kuma mayar da su ma dalilin ziyara ne.