Katin Zinariya da Masu Hararar Layi

Na san abin da za ku ce, ku 'yan zaman shayi na gefen shataletalen Maourey: wai katin masu yawan tafiya girman kai ne kawai, tunda jirgi ɗaya za a hau, lokaci ɗaya za a sauka. Haka ne, Alhaji, wanda ya riga ka shiga ba zai riga ka isa Addis Ababa ba. To amma me ya sa duk wanda aka ɗage wa igiya a filin jirgin Diori Hamani sai kun raka shi da harara har ya ɓace?

Katunan nan sun dogara da ƙawancen kamfanonin jiragen sama, kuma manyan ƙawancen uku ne. Ethiopian da Turkish Airlines suna cikin Star Alliance, wadda aka kafa a 1997. Royal Air Maroc ta shiga oneworld a 2020. Air France kuwa 'yar SkyTeam ce, kuma tun da ta dakatar da zuwa Yamai a Agustan 2023, masu katinta sai dai su riƙa fifita da shi lokacin zafi. Kada ka miƙa shi a teburin Ethiopian kana gyaran murya, ba gidansa ba ne.

Kawu mai katin azurfa, daina buɗe hanci. A Star Alliance azurfa kusan gaisuwa ce: in jirgi ya cika, a sa sunanka gaba cikin masu jiran kujera. Shi ke nan. Mai katin Ruby na oneworld ma ya ɗan fi ka, ko ba komai yana auna kayansa a teburin manya.

Romon yana wajen mai katin zinariya na Star Alliance. Layinsa daban wajen awon kaya, ya zauna a ɗakin hutu har da baƙo guda, ya riga ku shiga jirgi, a liƙa wa akwatinsa alama don ya fito da wuri. Sai babban: ƙarin jaka ɗaya ko kilo 20 kyauta. Nan ne nake son ganin idon Hajiya mai saro kaya daga Guangzhou. Ke da kika ce duk shirme ne, wa aka gani durƙushe gaban sikeli, akwati a wangale, kina cusa takalma cikin jakar hannu, kina roƙon wani ɗalibi ya riƙe miki kilo biyar? Da tafiye-tafiyenki a kamfani ɗaya kika tara su, da tuni an wuce wurin. Amma yau Istanbul, gobe Kazabalanka, duk inda tikiti ya faɗi da jika goma can kike, maki ya warwatse gida uku, ko'ina ke baƙuwa.

Kuna da gaskiya a wuri ɗaya, kada ku ce na danne. Ma'aikacin duwan ba ruwansa da launin katin kowa. Mai zinariya ma buɗe akwatinsa zai yi, kuma ku da ya bari a baya kuna iya tarar da shi can yana lissafin kwalayen waya.