Sannu da ƙoƙari, Hajiya mai ɗinki

Kai, madalla da Hajiya! Kaf unguwar nan ba a taɓa yin mai riƙon amanar tsumma kamarki ba. Tun ranar da aka shigo miki da keken Butterfly cikin kayan aure, ko ƙyalle mai faɗin tafin hannu ba ki taɓa wulaƙantawa ba. Ga su nan a jakunkunan Gana-mas-go, an jibga har sun toshe taga. Kullum maganarki ɗaya ce, wai zai yi amfani wata rana. Gaskiyarki. Ɓeraye ma shaida ne, don a ciki suke haihuwa, da shaddar mutane kuma suke wasa haƙori.

'Yan kasuwa kuwa, daga Kantin Kwari har mai shagon bakin layi, addu'a suke miki. Wace ce ke sayen baƙin zare duk mako alhali yana nan fal a ƙarƙashin gado, in ba ke ba? Almakashi 3 gare ki, amma in yanka ya tashi sai an aika maƙwabta aro. Kwarkwaro na cikin kwanon alli, tef ɗin awo ya sarƙe da zif, allura lamba 11 da lamba 16 sun cakuɗe a gwangwani guda, har kika huhhuda mayafin amarya da allurar ɗinkin kaki. Keken ma kin horar da shi: ya sha ƙurar hunturu ba murfi, ya sha tsatsar damina ba ɗigon mai.

Inda kika fi burge ni shi ne koyar da haƙuri. Mace ta yi adashi wata da watanni, ta sayi atamfa yadi 6, ta kawo miki tun farkon azumi. Ba ki rubuta suna ba, ba ki rubuta awo ba, kika cilla kan tulin, ai kanki ya fi littafi. Ranar jajibere kika birkice ɗakin kina salati, kina ce mata gobe in Allah ya yarda. 'Yarta ta je Idi da kayan bara, tana rakuɓewa bayan ƙawayenta. Wace makaranta ce ke ba da irin wannan tarbiyya kyauta?

Ga kuma jarumta. Dutsen gugar gawayi da garwashi jajir, taku ɗaya daga tulin ƙyallaye. Allurai zube a tabarma, autanki na rarrafe a kai, shi da komai ya tsinta baki yake kaiwa.

A nan kam bakina ya gaza yabo, Hajiya. Allurar da ta karye a ƙafar yaro, ko ya haɗiya, sai an kai ga ɗaukar hoto a asibiti, wani lokaci har tiyata. Don Allah ki ware yini guda ki fitar da komai tsakar gida. Kayan mutane kowanne ki sa a ledarsa da takardar suna da awo. Manyan ƙyallaye ki ba yaran da ke koyon ɗinki ko masu cusa matashi, sauran ki rabu da su. Zare a roba mai murfi, allura a kwalba, can saman kanta. Ki samo maganaɗisu ki bi ƙasan ɗakin da shi lungu-lungu, kuma da wannan za ki fara, yau ɗin nan.