Kwanon Naira Talatin

A watan Oktoba na 2019, Ministan Noma na wancan lokacin, Sabo Nanono, ya shaida wa 'yan jarida cewa babu yunwa a Najeriya, tunda a Kano da naira 30 mutum zai ci ya ƙoshi. Har yau direbobin Kwanar Ɗangora na cigiyar wannan mai abincin. Ko dai ta yi aure ta bar sana'ar, ko kuma jarin ya karye tun ranar da minista ya yi mata talla.

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fito da nata lissafin: mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama, yara kuwa biyu cikin kowane uku. Nan take aka shiga neman mai laifi. Ƙaramin Ministan Kasafi, Clem Agba, ya ce gwamnoni ne, sun bar ƙauye sun tafi gina gadojin sama. Gwamnoni suka ce a'a, Abuja ce. Ciyaman na ƙaramar hukuma bai ce uffan ba, yana birni yana jiran a sa masa hannu a kuɗin man janareta.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Madalla! Yanzu uban da ya kai ɗansa asibiti daga wani ƙauyen Doguwa ya tarar babu magani, yana da gwamnatoci har uku da zai kai wa kuka, in ya samu kuɗin mota.