Tafarnuwa Mai Taurin Wuya da Manomi Mai Taurin Kai

Masana tsirrai sun kasa tafarnuwa gida biyu: mai laushin wuya, wadda ake iya kitsa ganyenta idan ya bushe, da mai taurin wuya, wadda ake kira haka saboda wani kara mai ƙarfi da ke fitowa ta tsakiyar kanta, ƙwayoyin kuma su yi masa zobe. A gida na biyun akwai irin da ake kira Music, wanda aka kai lardin Ontariyo na ƙasar Kanada daga Italiya a shekarun 1980, kuma kansa yakan ɗauki ƙwaya 4 zuwa 6 ne kacal, sai dai kowacce jibgegiya ce. Sharaɗin wannan iri shi ne sai ya sha sanyi na makonni 6 zuwa 8 kafin ƙwayar da aka shuka ta rarrabu ta zama cikakken kai, shi ya sa ake binne shi a watan Oktoba, tsininsa na duban sama, a lulluɓe shi da karan alkama, ya kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, sannan a tone shi a Yuli.

Sakamakon raina wannan sharaɗi ya fito fili a aikin wani Bakano mazaunin Ontariyo, wanda ya tashi a gidan noman rani, don haka yake ganin babu abin da Bature zai koya masa game da tafarnuwa. Da maƙwabciyarsa, wata dattijuwa, ta ba shi iri ta ce ya shuka kafin ƙasa ta daskare, sai ya yi godiya cikin ladabi ya ajiye shi a ɗaki mai ɗumi, bisa hujjar cewa mai hankali ba ya binne dukiyarsa a firiza. Ya shuka a watan Mayu, ya yi ban ruwa yadda ya gada, ganye ya yi kyau har ya aika hotonsa gida, amma ranar tono kowace shuka ta ba shi dunƙule guda mulmulalle, marar rabuwa, wanda uwargidansa ta juya a tafin hannu ta ce, "Malam, wannan albasa ce ko gwaza?"

A shekara ta biyu ya bi ƙa'ida ba tare da ya ambaci ta farko ba. Sai dai a watan Yuni irin nan yakan fitar da karan fure, wato wani tsiro kore mai santsi da ke lanƙwashewa ya naɗe kansa, wanda manoma ke yankewa domin ƙarfin shukar ya koma ƙasa, kuma ake soya shi da ƙwai ko a niƙa shi a miya. Manomin ya ɗauka cuta ce, ya yanke su kaf cikin dare don kada unguwa ta gani, wanda hakan, bisa kuskure, shi ne daidai. Dattijuwar ta kwashe su daga kan tarin takinsa, ta kawo masa soyayyensu a faranti, ya cinye yana tambayar wane wake ne wannan.

Babbar fitinar a madafa ta auku, kuma tana buƙatar bayani. Ƙwayar tafarnuwa ba ta da wani wari sosai muddin tana rufe, domin sinadarin alisin, wanda shi ne tushen yajinta da warinta, ba ya samuwa sai an daka ta ko an yanka, sannan wasu sinadarai biyu da ke killace dabam su haɗu. Zafi yana kashe wannan aiki, shi ya sa kan da aka gasa ɗungurum yake komawa mai zaƙi da laushi, ɗanyen da aka daka kuwa ba ya sassauta wa kowa. Uwargida ta ce a kawo mata ƙwaya 10 don yajin garau-garau, tana lissafi da 'yan ƙananan da ta sani a kasuwar Rimi, shi kuma ya ɓare kai biyu cur ya daka da kansa, ya ci ya ƙara saboda alfahari, ranar kuma Juma'a ce.

Sanannen abu ne cewa an hana zuwa masallaci da warin ɗanyar tafarnuwa, kuma liman bai ambaci sunan kowa ba da ya tunatar da jama'a bayan sallama, ko da yake a sahun da aka matse ko'ina mutum ɗaya ne ke da fili dama da hagu. Asuwaki bai yi amfani ba, domin wani ɓangare na warin ta jini yake bi ya fito ta huhu da gumi har washegari.

Tunda mai taurin wuya ba ta jure ajiya kamar 'yar'uwarta, dole gidan ya cinye girbin cikin watanni kaɗan. Uwargida ta yanke hukunci cewa rabin ƙwaya ya ishi tukunya, dafaffiya kawai, kuma daga la'asar ɗin Alhamis turmin yana hannunta.