Masu Neman Sahara a Gana

Duk wanda ya zauna ajin firamare ya san babu hamada a Gana. Daga bakin teku har Paga, inda ƙasar ta ƙare Burkina Faso ta fara, kurmi ne, sai dajin kaɗanya da ɗorawa da kuka. Amma da hunturu ya kama a Disamba, hazo ya sauko, leɓe ya fara tsagewa, sai majalisun ataya na unguwannin Nima da Maamobi a Akra su ɗau zancen "tafiyar Sahara". Abin da ake nufi shi ne a tara babura goma sha wani abu, irin masu dogayen ƙafafu da taya mai haƙora, waɗanda aka ƙera don su ci kwalta su ci daji, a yi kilomita 600 da 'yan kai zuwa Tamale, daga nan a saki titi a faɗa hanyoyin burji na wajen Damongo ko Gambaga a sha jar ƙura har ta shiga kunne. Baburan iri biyu ne ko uku. Mahayan ne ba sa ƙirguwa.

Madugu ba a zaɓensa. Shi ne wanda ya fara cewa "mu je", sauran suka sakar masa. Shi ke karɓar karo-karo ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, shi ke da usur da riga mai ƙyalli da ɗan littafin dokoki: ba a wuce jagaba, ba a barin na baya, kowa ya zo da tanki cike. Yakan sa lokacin tashi da an sallame Asuba, a gaban babban masallacin ƙasa da ke Kanda. Hantsi ya dubi ludayi yana nan tsaye yana buga waya. Wannan ya ce yana layin koko da ƙosai, wancan ya ce Hajiya ta aike shi kasuwa, na uku wayarsa a kashe. Kafin a fita daga cunkoson Achimota muryar madugu ta dushe, ya kuma rantse da girman Allah ba zai ƙara shirya tafiya ba. Bara ma haka ya rantse.

Wanda aka fi jira shi ne Boga, da ya zo hutu daga Bronx ko Hambug, babur ɗinsa kuma ya biyo shi a kwantena ta tashar Tema. Yamaha Ténéré 700 ce, sabuwa dal, ta haura kilo 200 in an cika tanki, sirdinta ya fi santimita 85 daga ƙasa. Boga kuwa Allah bai ba shi tsawo ba. A duk wutar ba da hannu sai ya nemi dakalin gefen titi da zai dafa ƙafa, in babu ya yi ta lilo yana addu'ar kore ta kama. Kayan jikinsa an ɗinka su ne don sanyin Jamus: takalmi har gwiwa, riga mai sulke a kafaɗa da gwiwar hannu, safar hannu mai dumama yatsu. A Techiman zufa na ɗiga daga cikin hular kwanonsa. Bayansa akwatunan gwangwani biyu, ɗaya da tukunyar dafa kofi, ɗaya da tantin da har yau bai san yadda ake kafa shi ba. A kan kwalta ba mai kamo shi, gaskiya. Amma yashin farko da aka shiga bayan mahaɗar Fufulso, kan babur ya karkace, sai ka ji daga ƙarƙashin ƙarfe: "Jama'a, ƙafata!" Mutum huɗu ke ɗaga ta. Ba wanda ya taɓa yi masa dariya a gabansa, domin shi ke sayen mai ga rabin ayarin. A bayansa kuwa har kwaikwayon ihun ake yi.

Kusa da shi kullum akwai Farfesa. Shi bai zo hawa ba, darasi ya zo bayarwa. Da an tsaya shan ruwa zai fara: wai Bafaranshen nan Thierry Sabine ya ɓace a hamadar Tenere ta Nijar a 1977, ya kusa mutuwa, da aka tsamo shi maimakon ya tuba sai ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar. An tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, aka bi ta Aljeriya da Agadas da Yamai, Cyril Neveu ya ci a kan Yamaha XT500. Ya san Stéphane Peterhansel ya ci sau shida a babur kafin ya koma mota. Ya san an soke tseren 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka kai shi Kudancin Amurka a 2009, sannan aka mayar da shi Saudiyya a 2020. Abin da ya fi so shi ne labarin itaciyar Tenere, ƙwaya ɗaya tal a tsakiyar fili mai ɗaruruwan kilomita, wadda duk da haka wani direban babbar mota ya samu ya kaɗe a 1973, har aka kwashi gawarta zuwa gidan tarihi na Yamai. In ya kai nan sai ya dubi Boga.

Abin haushin shi ne duk abin da Farfesa ke faɗa game da yashi daidai ne. A rage iskar taya don ta baje ta hau kan rairayi maimakon ta nutse. A miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, a ja jiki baya don gaba ya yi sauƙi. Kada a saki totur, domin da an saki nauyi zai koma gaba, taya ta gaba ta tono rami ta binne kanta. Kada a damƙi burkin hannu. A kalli nesa, ba gindin taya ba. Wanda ya saurare shi ya bi, zai wuce lafiya. Shi Farfesa, da ya hangi yashi, zama yake yi daram, ya saki totur, ya sauke ƙafafu biyu yana tuƙi da su, bakinsa na ci gaba da bayani. Kafin wannan tafiyar, iyakarsa Nsawam.

Ɗan wasa kowa ya san shi tun daga titin Nima ranar Sallah da ranakun ɗaukar amarya, inda yake ɗaga tayar gaba daga wannan kwana zuwa wancan 'yan mata na guɗa. Ya cire madubai don suna rage masa kyau, ya fasa salansa don a san ya iso, hular kwano kuma a gwiwar hannu take rataye. Tsere yake yi da duk motar da ya gani a hanyar Kumasi. Mansa ke fara ƙarewa, shi ake fara tsarewa a shinge, shi ke fara cewa bayansa ya ƙage. Wasan minti uku ya iya, tafiyar yini ba a gwada masa ba. Daga Nkawkaw ya yi shiru.

A can ƙarshen layi, inda ƙurar kowa ke sauka, akwai wanda ba a so a sa shi a hoto. Ɗan okada ne daga Old Fadama, unguwar katako da kwano da ke tsakanin kogin Odaw da tafkin Korle, daura da kasuwar Agbogbloshie. Unguwar cike take da 'yan arewa, da yawa iyayensu sun sauko ne bayan rikicin Konkomba da Nanumba na 1994, saboda haka abin da 'yan Nima ke kira yawon buɗe ido, shi zuwa gida ne, har da saƙon atamfa ga gwaggonsa ɗaure a baya. Babur ɗinsa an haife shi Boxer, amma yanzu ba mai iya rantsuwa a kan asalinsa. Tankin na wani ne, ƙafafun gaba na wani, fitila daga Abossey Okai, sauran daga filin gwangwan na Agbogbloshie kafin a rushe shi a Yulin 2021. Shekarun da ya yi yana ɗaukar fasinja bayan dokar 2012 ta haramta okada sun koya masa lunguna da kwatami da tsayuwar gaggawa fiye da kowace makaranta. Kayan aikinsa sifana mai lamba goma, filaya, guntun waya, kayan faci, da robar tsohon tub da ya yanka zare-zare, wadda ba abin da ba ta ɗaurewa.

A Akra sunansa "kai yaro". Bayan an tsallake gadar Buipe sunansa "Masta". Babur ɗin wani ya fara tari yana mutuwa, mai shi ya dafe kai yana lissafin kuɗin sabon inji, Masta ya tsuguna ya saurara. "Alhaji, injin lafiyarsa ƙalau. Ƙura ce ta toshe masa numfashi." Ya zaro soson tace iska, ya wanke da fetur, ya matse, ya shafa masa baƙin mai kaɗan, ya mayar, bugu ɗaya ya tashi. Sarƙa ta saki ya ɗaure, taya ta sace ya yi faci a gindin kaɗanya, fulogi ya yi baƙi ya goge. Wuri ɗaya kawai iliminsa ke tsayawa. In na Boga ne ya kunna jar fitila a allo, Masta yakan zagaya shi sau biyu hannu a baya, ya ce, "Yallaɓai, wannan ba shi da kafireta, kwamfuta ce a cikinsa. Sai dai a kira Jamus." A ganina shi ya kamata a fara biya kafin a sayi usur ɗin madugu, amma ba a taɓa tunawa da shi a lissafin karo-karo ba.

Mafi haɗari a ayarin ba Ɗan wasa ba ne, Jikan Fatake ne. Kakan kakansa, in ji shi, yana cikin masu kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, don haka hanya a jininsa take. Tun a Kumasi zai fara zuga madugu a bar titin Techiman a bi tsohuwar hanya: Mampong, Ejura, Atebubu, Yeji, Salaga. Hanyar gaskiya ce, kuma Salaga ta cancanci ziyara, kasuwar da ta haɗa goro da kanwa da shanu da bayi kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa ta. Abin da jinin bai gaya masa ba shi ne an gama madatsar Akosombo a 1965, kuma mashigin da kakansa ya sani yana ƙarƙashin tafkin Volta. A Yeji titi ke ƙarewa a bakin ruwa. In jirgin fito mai zuwa Makango ya riga ya tashi, to sai a nemi tabarma da maganin sauro. Nan za ka ji shi yana cewa a zamanin kakansa ba haka ake yi ba.

Mai hoto ya zo da rawani irin na Buzaye, wanda yake naɗawa a kan hular kwano. Neman da yake yi shi ne kusurwar da itace ba zai fito ba, abin da ke da wuya a ƙasar kaɗanya, don ya rubuta "Sahara" a TikTok. Ya tsayar da ayari a gaban tsohon masallacin Larabanga, ya tsayar a ƙofar gandun dajin Mole, a Paga kuma ya sayi kaza don a fito masa da kada ya riƙe wutsiyarta, idonsa na kan hanyar gudu. Limamin tafiya ya fi shi amfani nesa ba kusa ba, ko da yake tun Nsawam ake gardama da shi a kan inda kasaru ya fara, kuma yana da wani almajiri da ya ɗaura laya a kan babur ya bar hular kwano a gida, duk da Malam da kansa ya ce masa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Mai ciki kuwa ba ya lissafi da kilomita: burodin Nkawkaw, soyayyen kifi da wagashi a Yapei, gasasshen zabo da tuwon zafi a Tamale. Shi kaɗai ke dawowa da ƙiba.

Akwai kuma waɗanda ba sa cikin ayari, ba su biya karo-karo ba. A daidai yashin da mutum huɗu ke kokawa da Ténéré, Farfesa na ba da umarni, za a ji ɗan ham daga baya. Ma'aikaciyar asibitin ƙauye ce a kan tsohuwar Yamaha AG, akwatin sanyi na allurar rigakafi ɗaure a bayanta, ko wata mata a ƙaramin babur ɗan Sin, goyo a baya, daron ƙwarar kaɗanya a mazauni, silifas a ƙafa. Ta ce "sannunku da aiki", ta ratsa ta gefe ba tare da ta sauke ƙafa ba, ta ɓace cikin hazo. Wannan hanyar take bi duk ranar kasuwa. Ba wanda ke tada maganar a majalisar ataya.

Dawowa ba a yin ta tare. Wanda hutunsa ya ƙare ya hau jirgin sama daga Tamale, wanda bayansa ya ƙage ya shiga bas, baburansu kuma a ɗora su a kan motocin doya da ke tasowa daga Salaga da Bimbilla. Motocin nan kasuwar doya ta Konkomba suke sauke kaya, a Agbogbloshie, 'yar tafiyar ƙafa daga ɗakin Masta, wanda ya riga ya iso a kan nasa har ya koma ɗaukar fasinja. Mai son sanin gaskiyar tafiyar Sahara kada ya tambayi 'yan majalisa, ya je kasuwar nan da sassafe a watan Janairu ya ɗaga kai ya dubi saman lodi.