Tsohuwar waƙa a sabon dandali

Turawa na da wata dabara ta malalata masu wayo: a tattaro waƙoƙin da jama'a suka riga suka haddace, a ɗinka musu ɗan labari, a kira shi wasan kwaikwayo. Haka aka yi wa waƙoƙin ƙungiyar mawaƙa ta Four Seasons na shekarun 1960 a wasan Jersey Boys, wanda ya hau babban dandalin Niyu Yok a 2005. Dabarar ta fi dacewa da ƴan wasan sa-kai na gari irin Dogo-Dogo, a ƙasar Dungas ta Damagaram, inda babu kuɗin hayar marubuci amma kowane tsoho rumbun waƙa ne. Dandali ba baƙo ba ne a Damagaram: samariya ta zamanin Seyni Kunce ta yi wasanni, Yazi Dogo kuma ya ba Nijar dariya da Hausa. Shata da Ɗan Maraya Jos kuwa ta rediyo suka tsallako iyaka, ba jandarman da ya tambaye su takarda.

Za a ce ina muryar ɗan wasan sa-kai, ina ta Shata. Gaskiya ne, sai dai ƴan kallo za su ƙwace amshi tun baitin farko, ba mai jin inda aka kauce. Matsalar tana wani wajen: waƙoƙin Shata da yawa yabon wani alhaji ne ko basarake, saboda haka ko labarin soyayya aka ƙulla, sai an dakatar da saurayi da budurwa an shigo da attajiri. In kuwa jikan wanda aka yaba yana cikin taron, ko bai zo da shiri ba sai ya tashi ya yi liƙi.